Kakar 2015/2016 ta Gasar Firimiyar Ingila: Nazari a kan Sabubban Nasarar Leicester City

Muƙaddima

 Mas'alar da na kawo gabanku ta shafi ƙwallon ƙafa, kuma na san akwai daga cikin dattawanmu waɗanda suke ganin wannan fage bai kai a shimfiɗa masa tabarmar ilimi ba. Amma abin da yake tara dubban samari a gidajen kallo, daga Kano har Damagaram, kowace Asabar da Lahadi, yana cin kuɗinsu da lokacinsu da hirarsu, wajibi ne masu ilimi su dube shi da idon basira, domin duk abin da malamai suka kame baki a kansa, jahilci ne zai yi masa sharhi.

Na zaɓi kaka guda, wato ta 2015/2016 a gasar Firimiya ta Ingila, wadda ƙungiyar Leicester City ta lashe alhali kamfanonin caca na ƙasar sun ƙiyasta yiwuwar hakan da 5,000 a kan 1 kafin a buga wasan farko. Tun daga lokacin har yau, galibin masu magana a kan wannan kaka suna ajiye ta a babin abubuwan da suka keta al'ada, waɗanda hankali ba shi da abin cewa game da su. Wasu mutanen garin ma sun danganta ta da sake binne ƙasusuwan Sarki Richard na Uku a majami'ar birnin cikin watan Maris na 2015, wanda camfi ne tsagwaronsa. Da'awar wannan maƙala ita ce nasarar ta zo ne bisa sabubba bayyanannu da za a iya lissafawa, wasu daga tadbirin ƙungiyar, wasu daga raunin abokan hamayya, wasu kuma daga tsarin gasar kanta. Kuma sabubban nan na ƙarshe su ne suka fi cancantar mu tsaya a kansu, domin su ne abin da wata al'umma za ta iya koya.

Yanayin gasar da matsayin Leicester kafin kakar

Ƙa'idar gasar sananniya ce: ƙungiyoyi 20, kowace ta kara da sauran 19 gida da waje, jimilla wasa 38 ga kowace, nasara maki 3, canjaras maki 1, uku na ƙasan teburi kuma su faɗa rukuni na biyu. Hikimar wannan tsari ita ce yana rage tasirin sa'a, domin a gasar kofi ta sili-ɗaya-ƙwale ƙaramar ƙungiya kan iya ka da babba da dacen rana guda, amma wata tara ana fafatawa, cikin sanyi da ruwa da rauni da gajiya, ba ya barin kowa ya ɓoye haƙiƙaninsa. Lamarin kamar noman damina ne, inda ruwan dare ɗaya ba ya cika rumbu, sai wanda ya jure wa shuka da noman fari da maimai har zuwa kaka.

Saboda haka ne, tun da aka kafa gasar da wannan suna a 1992 har zuwa 2015, ƙungiyoyi biyar kaɗai suka taɓa ɗaukar kofin: Manchester United sau 13, Chelsea sau 4, Arsenal sau 3, Manchester City sau 2, sai Blackburn Rovers sau ɗaya a 1995, ita ma da ƙarfin aljihun mai ita, Jack Walker. Rabon da a ga ƙungiyar da ba ta taɓa zama zakarar Ingila ba ta zama, tun Nottingham Forest a 1978.

Ita kuwa Leicester, wadda aka kafa a 1884, mafi girman abin da ta taɓa kaiwa shi ne ta biyu a kakar 1928/1929. A 2008/2009 tana rukuni na uku. A 2010 attajirin ƙasar Tailan, Vichai Srivaddhanaprabha, mai kamfanin King Power, ya saye ta. A 2014 ta hau Firimiya bayan ta lashe rukuni na biyu da maki 102. Kakarta ta farko a sama kuwa ta sha wuya matuƙa, domin ta shafe watanni tana can ƙarshen teburi, sai da ta ci wasa 7 daga cikin 9 na ƙarshe sannan ta tsira, ta ƙare ta 14 da maki 41. Duk da haka aka sallami koci Nigel Pearson a ƙarshen watan Yuni, aka ɗauko Claudio Ranieri, Ba'italiye, ranar 13 ga Yuli, 2015, mutumin da ya horar da Chelsea da Valencia da Juventus da Roma da Inter da Monaco ba tare da ya taɓa cin babbar gasar wata ƙasa ba, wanda kuma aikinsa na baya-bayan nan a lokacin, na horar da tawagar Girka, ya ƙare da kora bayan Tsibiran Faroe sun doke su a gida cikin Nuwamba 2014. Wanda duk ya yi hasashen faɗuwar Leicester a wannan bazara bai yi wauta ba, domin zahirin hujjoji yana tare da shi.

Yadda kakar ta gudana

Idan aka bi sakamakon wasannin bi da bi, za a ga kakar ta kasu kashi biyu masu bambancin ɗabi'a, kuma a cikin wannan bambanci ne babban dalilin nasarar yake. A kashin farko Leicester ƙungiya ce mai zura ƙwallaye, ana kuma zura mata: ta buɗe da doke Sunderland da ci 4-2 ranar 8 ga Agusta, ta farke ci biyu ta doke Aston Villa 3-2, ta sake farke biyu a gidan Stoke da gidan Southampton ta tashi 2-2 a kowanne, Arsenal kuma ta zo har gida ta lallasa ta 5-2 ranar 26 ga Satumba. A wasa 9 na farko an zura mata ƙwallo 17, babu wasa ko ɗaya da ragarta ta kwana lafiya, har sai da Ranieri ya yi wa 'yan wasan alkawarin walima idan suka hana a ci su, suka kuwa cika sharaɗin ranar 24 ga Oktoba da suka doke Crystal Palace da ci ɗaya mai ban haushi.

A wannan zango Jamie Vardy ne yake ɗauke da ƙungiyar, domin ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy na wasa 10 ranar 28 ga Nuwamba, a karawa da Manchester United, tsohuwar ƙungiyar mai tarihin. Ranar 14 ga Disamba suka doke Chelsea mai riƙe da kofi 2-1, bayan kwana uku aka kori José Mourinho. Kirsimeti ta riske su a saman teburi, alhali bara warhaka suna ƙasansa. Duk da wannan, Ranieri bai gushe ba yana gaya wa 'yan jarida cewa burinsa maki 40 ne, adadin da aka saba ɗauka ya isa tsira daga faɗuwa, wanda suka cika ranar 2 ga Janairu, 2016; kuma wannan kamun kai ya tsare 'yan wasan daga nauyin buri kafin lokacinsa.

Kashi na biyu kuwa na tsaro ne. Ƙungiyar da aka zura wa ƙwallo 25 a wasa 19 na farko, 11 kacal aka zura mata a 19 na ƙarshe. Ranar 13 ga Janairu ta ci Tottenham 1-0 a Landan da kan Robert Huth. Ranar 2 ga Fabrairu ta doke Liverpool 2-0. Bayan kwana huɗu ta je gidan Manchester City ta ci 3-1, ta ba da tazarar maki 5, kuma daga wannan rana ne masu sharhi suka fara ɗaukar lamarin da gaske. Da Arsenal ta sake doke ta 2-1 ranar 14 ga Fabrairu, da ƙwallon Danny Welbeck a daƙiƙun ƙarshe bayan an ba Danny Simpson jan kati, tazarar ta koma maki 2, mutane da yawa suka ce ƙarshen tafiya ya zo. Amma Ranieri ya sallami 'yan wasansa hutun mako guda, suka dawo ba a sake cin galabarsu ba a wasa 12 da suka rage, suka ci 8, suka yi canjaras 4. Biyar daga cikin waɗannan nasarori, a kan Norwich da Watford da Newcastle da Crystal Palace da Southampton, duk da ci 1-0 aka same su cikin wasa shida a jere, kuma ƙungiyar da take cin irin wannan wasa mako bayan mako, alhali dukan ƙasa na jiran tuntuɓenta, ta nuna nutsuwar da dace kaɗai ba ya bayarwa.

Al'amarin ya tabbata ranar 2 ga Mayu, lokacin da Tottenham, wadda take gaba da ci biyu a gidan Chelsea, ta bari Gary Cahill da Eden Hazard suka farke, aka tashi 2-2. Leicester ta kammala da maki 81: nasara 23, canjaras 12, rashin nasara 3, ta ci ƙwallo 68, an zura mata 36. Arsenal ta zo ta biyu da maki 71, Tottenham ta uku da 70 bayan Newcastle da ta riga ta faɗi ta ragargaje ta 5-1 a ranar ƙarshe, Manchester City da Manchester United kowace da 66. Tazarar maki 10 bayan wasa 38 hukunci ne na mizani mai adalci, wanda ba ya karɓar tawili.

Sabubba na cikin gida

Sababi na farko shi ne iya zaɓen 'yan wasa, aikin da Steve Walsh yake shugabanta. Vardy, wanda Sheffield Wednesday ta sallama yana ɗan shekara 16, ya yi aikin masana'anta yana buga ƙwallo a Stocksbridge Park Steels, an sayo shi daga Fleetwood Town a 2012 kan fam miliyan 1, ya ci ƙwallo 24 a wannan kaka. Riyad Mahrez, ɗan Aljeriya haifaffen Faransa, an ɗauko shi daga Le Havre ta rukuni na biyu cikin Janairu 2014 kan abin da bai kai rabin miliyan ba, ya ci 17, ya taimaka aka ci 11, 'yan'uwansa 'yan wasa suka zaɓe shi gwarzon shekara, ɗan Afirka na farko da ya sami wannan lambar. N'Golo Kanté, wanda iyayensa mutanen Mali ne, an sayo shi daga Caen kan kimanin fam miliyan 5.6, ya fi kowa a gasar ƙwace ƙwallo da tare ta a hanya. Marc Albrighton da Christian Fuchs kyauta aka same su bayan ƙarewar kwantiraginsu. Bilhasali, kuɗin da aka kashe kan mutum 11 da suka saba fara wasa bai kai abin da Manchester City ta biya kan Kevin De Bruyne shi kaɗai a wannan bazara ba, wato kimanin fam miliyan 55. Abin lura a nan shi ne ba a sayo kowane ɗayansu don sunansa ba. An sayo shi ne don wani aiki ayyananne da aka tabbatar ya iya, bayan dogon bibiya.

Sababi na biyu shi ne sanin gwargwadon kai. A zamanin da ra'ayin da ya rinjayi Turai shi ne cewa mai riƙe ƙwallo shi ne mai wasa, Leicester tana cikin ƙungiyoyi ukun da suka fi ƙarancin riƙe ta a gasar, da gangan kuma ta yi haka. Ranieri ya tsaya kan tsarin 4-4-2, ya matse 'yan bayansa kusa da juna, Wes Morgan da Huth a tsakiya, domin ya san ƙarfinsu a sama yake da gogayyar jiki, rauninsu kuma a guje. Ya bar wa abokan hamayya gefen fili su yi ta bugo ƙwallo sama inda za a mayar musu da ita. Da zarar Kanté ya ƙwace, sai Danny Drinkwater ko Mahrez ya cilla ta bayan masu tsaron baya, inda Vardy zai riga kowa isa, Shinji Okazaki kuwa yana tsakanin sahu biyu yana hana abokan gaba sakat. Gyara mafi muhimmanci da kocin ya yi shi ne bayan dukan da Arsenal ta yi musu a Satumba, inda ya sauya 'yan bayan gefe biyu masu son kai hari da Simpson da Fuchs masu tsayawa a wurinsu. Daga nan ragar Kasper Schmeichel ta sami sauƙi, har ya kammala da wasa 15 ba a ci shi ba.

Sababi na uku shi ne ɗorewa a kan abu ɗaya. Ranieri, wanda jaridun Ingila suka yi wa laƙabi da mai yawan taɓe-taɓe a zamaninsa na Chelsea saboda sauya 'yan wasa, ya tarar da ma'aikatan da Pearson ya bari, irin su Walsh da Craig Shakespeare, bai kore su ba, ya tarar da 'yan wasan da wahalar bara ta haɗa kansu, bai wargaza su ba. Ya zama kocin da ya fi kowa ƙarancin sauye-sauye a gasar, har kyaftin Morgan ya buga kowane minti na wasa 38. Dattijo ɗan shekara 64 da ya ga abin kirki da wani ya gina, ya danne son a ce shi ya ƙirƙira, ya yi aiki da wani nau'in hikima da ba ta da yawa a tsakanin shugabanni, a fagen wasa ko a wajensa.

Sabubba na waje

Adalcin bincike ya wajabta a faɗi cewa maki 81 ba su isa cin kofi a kowace shekara ba: Chelsea ta ci da 87 a kakar da ta gabata, ta sake ci da 93 a wadda ta biyo, inda Tottenham ma ta sami 86 ba ta ɗauki komai ba, Manchester City kuma ta kai 100 a 2018. Ashe ke nan manyan sun yi rauni a lokaci guda, kuma kowace da illarta. Chelsea ta ruguje daga ciki ta ƙare ta 10 da maki 50. Liverpool ta kori Brendan Rodgers cikin Oktoba ta kawo Jürgen Klopp, ta shiga gina sabuwar tawaga, ta ƙare ta 8. Manchester City ta bayyana ranar 1 ga Fabrairu cewa Pep Guardiola zai gaji Manuel Pellegrini, sanarwar da ta mayar da kocin da ke kan aiki tamkar baƙo a gidansa. Manchester United a ƙarƙashin Louis van Gaal ta kasa cin ƙwallaye, Arsenal kuma, wadda ita kaɗai ta doke Leicester sau biyu, ta zubar da maki a hannun ƙananan ƙungiyoyi. Haka nan Leicester ba ta buga gasar Turai ba, an kuma fitar da ita da wuri daga kofunan gida biyu, ta buga wasa 43 a dukan kakar, yayin da City ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Zakarun Turai, Liverpool kuma ta kai wasan ƙarshe a kofi biyu.

Sai dai wannan hujja tana da iyaka, domin raunin manya ƙofa ce da ta buɗe wa ƙungiyoyi goma sha wani abu, cikinsu har da Tottenham da Southampton da West Ham da Everton, waɗanda suka fi Leicester dukiya ko daɗewa a gasar, amma ɗaya ce ta shiga. Malamanmu sun karantar da cewa ƙaddara ba ta kore riƙo da sababi, kuma dama ba ta amfanar sai wanda ta tarar a shirye.

Sababi mafi zurfi, a ganina, shi ne yadda gasar take raba kuɗin talabijin. Bisa ƙa'idar lokacin, rabin kuɗin cikin gida ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 20, rubu'i bisa matsayi a teburi, rubu'i bisa yawan nuna wasan ƙungiya kai tsaye, kuɗin ƙasashen waje kuma dukansa daidai wa daida. Sakamakon haka, a wannan kaka Arsenal da ta fi kowa samu ta karɓi kimanin fam miliyan 101, Leicester kimanin 93, Aston Villa da ta zo ta ƙarshe da maki 17 kimanin 66. Kuma tun Fabrairu 2015 an riga an ƙulla sabuwar yarjejeniya ta fiye da fam biliyan 5 ta shekarun 2016 zuwa 2019. Wannan ne ya ba ƙaramar ƙungiya ikon biyan albashi a kan lokaci, da riƙe likitoci da masu nazarin wasa, da ƙin sayar da Mahrez ko Vardy a tsakiyar kaka. Ga kuma hujja ta biyu a kan lafiyar tsarin: daga cikin maki 81 na Leicester, 39 a waje ta samo su, da nasara 11 a gidajen mutane, abin da ba ya yiwuwa sai inda baƙo yake da aminci a kan ransa, alƙalin wasa kuma yake da 'yancin busa abin da ya gani.

Asabiyya da abin da ya biyo baya

Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya gina nazarinsa na tashi da faɗuwar dauloli a cikin littafinsa Muƙaddima a kan asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan jama'ar da wahala ta ƙulla tsakaninsu, wadda take ba mutanen gefe rinjaye a kan mutanen birni da ni'ima ta sassauta, har su ma idan suka zauna cikin ni'imar ƙullin ya kwance. Ƙungiyar ƙwallo ba daula ba ce, kuma ƙiyasin yana da tazara. Amma wanda ya dubi tarihin waɗannan 'yan wasa, Schmeichel da Manchester City ta rabu da shi, Drinkwater da Simpson da Manchester United ta saki, Huth da Chelsea ta sayar, Albrighton da Aston Villa ta sallama, Andy King da ya taso da ƙungiyar tun daga rukuni na uku, zai ga jama'a ce da kowane ɗayanta ya ɗanɗani wulaƙancin a ce bai isa ba, suka kuma tsallake faɗuwa tare, kuma irin wannan zumunci ba a sayensa a kasuwar 'yan wasa.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa ƙiyasin. Cikin Yuli 2016 Kanté ya koma Chelsea kan kimanin fam miliyan 32, ya sake cin kofin a can; Walsh ya tafi Everton; aka sabunta kwantiragi da albashi masu tsoka, aka sayo sababbin 'yan wasa da tsada, cikinsu har da Islam Slimani da Ahmed Musa. Ƙungiyar ta kai wasan daf da na kusa da ƙarshe a Gasar Zakarun Turai, inda Atlético Madrid ta fitar da ita, amma a gida ta gangara har bakin faɗuwa, aka kori Ranieri ranar 23 ga Fabrairu, 2017, wata tara bayan ya ɗaga kofin, ta ƙare ta 12. Vichai ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a harabar filin wasan ranar 27 ga Oktoba, 2018. Ƙungiyar ta ci kofin FA a 2021, da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho a cikinta, sannan ta faɗi daga gasar a 2023. Da sabubban suka watse, sai sakamakon ya bi su, kuma wannan shi ne mafi ƙarfin dalili a kan cewa su ne suka haifar da shi tun farko.

Inda lamarin ya shafe mu

Alaƙarmu da wannan kaka ba ta tsaya ga kallo ba. A cikinta Odion Ighalo ya ci wa Watford ƙwallo 15, Iheanacho da Alex Iwobi suka fara bayyana a City da Arsenal, 'yan Ghana biyu, Jeffrey Schlupp da Daniel Amartey, suna cikin tawagar zakarun. Ahmed Musa kuwa, da ya iso daga CSKA Moscow bayan kofin, shi ne wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Ƙasarmu tana fitar da 'yan wasa, kuma gasarmu ma ta san sauyin zakara, domin bayan Pillars ta ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, Enugu Rangers ta ɗauki kofin a 2016 bayan shekara 32 rabonta da shi, Plateau United kuma ta ɗauka karon farko a 2017.

Abin da ya kamata mu auna kanmu da shi shi ne sharuɗɗan da suka sa nasarar Leicester ta zama abar gaskatawa ga kowa, har ga waɗanda ta doke. Sananne ne ga duk mai bin gasar Nijeriya cewa cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske, cewa galibin ƙungiyoyi mallakar gwamnatocin jihohi ne, rayuwarsu tana rataye da kasafin kuɗi da sauyin mulki, cewa kukan rashin biyan albashi ba ya ƙarewa, kuma ana sauya koci kafin ya san sunayen 'yan wasansa. Matuƙar baƙo yana shiga fili da tsoro, teburin ƙarshen kaka ba zai zama shaida a kan ƙwarewa ba, kuma saurayin da ya fahimci haka zai ci gaba da kai kuɗinsa gidan kallo domin ya ga gasar da ya amince da hukuncinta.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin tabbatar da cewa kakar 2015/2016 tana da bayani, kuma bayanin ya taru ne daga zaɓen 'yan wasa bisa aiki, da tsarin wasa da ya dace da ƙarfin masu buga shi, da haƙurin barin abin da yake tafiya daidai, da raunin manya a shekara guda, da gasar da ta raba arzikinta ta kuma tsare alƙalanta. Daga ciki, raunin abokan hamayya ba ya hannun kowa, haɗuwar Vardy da Mahrez da Kanté a ƙungiya ɗaya kuma ba kullum take faruwa ba. Amma rabon kuɗi bisa ƙa'ida rubutacciya, da biyan haƙƙin ɗan wasa a kan lokaci, da amincin baƙo da alƙali, da ba koci wa'adin da zai nuna aikinsa, duka abubuwa ne da hukuma take zartarwa idan ta yi niyya. Saboda haka ina ba da shawara ga masu nazari a jami'o'inmu su ɗauki kakar gasarmu guda, su lissafa makin gida da na waje na kowace ƙungiya, da yawan sauyin koci, da yanayin biyan albashi, su gabatar da sakamakon ga masu tafiyar da gasar da gwamnatocin da suke riƙe da ƙungiyoyin, domin gyara ba ya samuwa sai an san wurin ciwo da hujja.